Hular Baba a daren kiɗan ƙarfe

Ranar Asabar da safe ƙanina ya kira ni daga Gwammaja. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya ce, “Yaya, wai da gaske ne jiya ka je wajen kiɗan Turawan nan masu ihu?” Na ce da gaske ne. Ya ce, “To don Allah kada Hajiya ta ji.” Na ce masa ai Hajiya ce ta farko da zan gaya wa, domin hular Baba tana cikin labarin. Shi ya sa na ga gara in rubuta shi da hannuna, tun kafin ya zaga majalisu a ƙara masa gishiri.

Shekarata uku ke nan a Birmingham, ina aiki a wani babban sito inda ake ɗaure kaya ana lodawa a manyan motoci. Akwai wani dattijon Bature da muke layi ɗaya, ya doshi sittin, gashi har gadon baya, hannaye duk zane. Ranar da na fara ganinsa na ce a raina wannan ba abokin tafiyata ba ne. Amma tun da ya gane ina buƙatar awa ɗaya da rabi kowace Juma'a don zuwa masallaci, shi yake tsaya mini a bakin aikina. Bai taɓa neman ko sisi ba, bai taɓa yi mini gori ba. To ɗansa ne ya fasa zuwa wani wasa da suka sayi tikitinsa tun wata shida baya, sai ya ce in raka shi. Kwana biyar ina juya maganar. Na san akwai giya a wurin, na ga hotunan ƙoƙon kai a rigunansu, kuma ba irin wurin da aka rene mu mu shiga ba ne. Sai dai mutumin da ya tsare mini Juma'ata shekara biyu, na kasa kallon idonsa in ce a'a. Na gindaya wa kaina sharaɗi biyu: sai na yi Isha'i zan fita, kuma ba abin da zai shiga bakina sai ruwa. Da yake hunturu ne, tun wajen ƙarfe huɗu rana take faɗuwa, ƙarfe shida na riga na sallame.

Kiɗan da suke kira metal, wato ƙarfe, mutanen garin nan suna tinƙaho da shi kamar yadda muke tinƙaho da marinar Ƙofar Mata. A unguwar Aston wasu samari huɗu 'ya'yan leburori suka haɗu a 1968, su ne suka zama Black Sabbath. Mai jitarsu, Tony Iommi, yana ɗan shekara 17 inji ya datse masa kan yatsu biyu na hannun dama, a ranarsa ta ƙarshe a wata masana'antar ƙarfe. Maimakon ya ajiye kiɗa, sai ya narka roba ya yi wa yatsun hula, daga baya ya sassauta tsirkiyar jitar don kada ta riƙa yi masa ciwo, sauti ya fito da kauri da nauyi. Mawaƙinsu, Ozzy Osbourne, ya yi wasan bankwana a filin Aston Villa ranar 5 ga Yuli 2025, ya mutu ranar 22 ga watan. Da idona na ga furannin da aka jibge a gadar da aka sa wa sunan ƙungiyar a titin Broad, tsofaffi suna kuka. Da abokina yake ba ni wannan tarihi a cikin bas, sai na gaya masa ai mu ma garinmu sunan maƙeri gare shi, wanda aka ce ya zo daga Gaya neman tama a gindin Dala. Ya ji daɗin maganar ƙwarai. Masana'antunsu da yawa sun mutu kamar namu na Bompai da Sharaɗa, sai dai su ƙarar injin ta bar musu kiɗa.

Waɗanda muka je gani 'yan baya ne, jikoki a sana'ar. Kuma kafin in ji ko sautin ganga ɗaya raina ya ɓaci sau uku. Tikitin an rubuta fam 45, amma abokina ya nuna mini abin da ya biya, an ɗora wasu kuɗin hidima da ba wanda zai gaya maka wace hidima aka yi, alhali ko takarda ba a buga ba, a cikin waya tikitin yake. Fam ɗaya kuwa a lokacin ta kusa naira dubu biyu, ku yi lissafin da kanku. Muka yi minti arba'in a layi cikin sanyin da yake shiga har ɓargo. Aka laluba mu tun daga wuya har ƙafa. Da farko na ɗauka don an ga baƙar fata da hula ne, sai na ga dattijuwar da ke gabana ita ma an zazzage mata jaka. Tun harin da aka kai wani wasa a Manchester a 2017, inda mutum 22 suka mutu, ba sa wasa da ƙofa. A ciki kuma ajiye rigar sanyi fam uku, ƙaramar gorar ruwa fam uku, kuma sai sun cire murfin sun riƙe, wai kada a jefi wani da ita. Na miƙa takardar kuɗi aka ce ba a karɓa, sai kati. Kuɗin ƙasarsu, da hoton sarkinsu a jiki, amma a cikin ƙasarsu a ce ba a karɓa! Sai daga baya abokina ya raɗa mini cewa doka ta wajabta wa duk gidan da ke sayar da giya ya ba ka ruwan famfo kyauta idan ka roƙa. Ba wanda zai gaya maka. Bature ba ya yi maka ƙarya a farashi, amma ya iya yin shiru a inda shirun zai kawo masa riba.

Abu na farko da ya sanyaya mini rai wata mata ce a bakin ƙofar ciki, riƙe da kwano cike da 'yan soso rawaya. Ta ɗebo biyu ta zuba mini a hannu, ta nuna kunnenta. Abin toshe kunne ne, kyauta. Mutanen da suka biya kuɗi don a cika musu kunne da ƙara, su ne kuma ake raba wa abin kare kunnen. A tsakiyar zauren akwai mai kula da sauti zaune gaban teburinsa, da wani allo da yake nuna masa ƙarfin ƙarar da lamba, idonsa yana kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ma'auni a 2022 cewa kada ƙarar wurin taro ta wuce desibel 100 idan an auna matsakaicinta na minti 15. Nan take na tuna bikin da aka yi a layinmu kafin in taho. Sifika huɗu an jera a ƙofar gida, an murɗe har muryar mawaƙin ta fashe ba a jin abin da yake cewa, janareto yana nasa a gefe, ga wata uwa da jariri a baya tana zaune dab da sifikar tun la'asar har dare. Kwana biyu kunnena yana ƙugi. A wurinmu mai sauti gwani shi ne wanda aka jiyo daga unguwa ta uku. Yara nawa muka kurmantar ba mu sani ba, sai sun shiga makaranta a ce ba sa mai da hankali?

An rubuta masu share fage za su hau ƙarfe bakwai da rabi. Na duba agogo lokacin da fitilu suka mutu: bakwai da rabi, ba ƙari ba ragi. Zauren ko rabi bai cika ba, ba a jira kowa ba. Ba a ce a dakata babban baƙo yana hanya ba, ba mai gabatarwa da zai ci awa guda yana kiran sunayen alhazai. Samari uku ne da budurwa ɗaya a kan ganguna, ba wanda ya san su sosai, da kansu suka jawo kayansu suka jona. Minti talatin aka ba su. Yarinyar nan tana dukan gangunan da hannu biyu da ƙafa biyu, zufa tana tsatstsafowa, kowane bugu da ka ji daga hannunta ya fito a wannan lokacin. A waƙa ta uku tsirkiyar mai jita ta tsinke. Na ce shi ke nan, za a yi musu ihu. Sai wani ya fito da gudu daga gefen dandamali ya miƙa masa wata jitar, ashe ta manyan mawaƙan ce suka ara masa, taron kuma ya ɗauki tafi har ya saƙala ta a wuya.

Wannan ya tsaya mini a rai. Mu da muka gaji kalangu da kotso da kuntigi, muka gaji mutanen da suke tsayawa da 'yan amshinsu su ƙirƙiri baiti a gaban jama'a, yau sai mawaƙi ya hau dandamali a saka waƙarsa ta situdiyo yana motsa baki, makirfon ma wani lokacin a kashe yake. Yaron da yake tasowa kuwa, kafin a ba shi minti biyar sai ya yi fadanci wata da watanni, in an ba shi ma a tsakiyar baiti za a karɓe makirfo don mai kuɗi ya iso. Ko a filin dambe an san sai ƙanana sun share fage kafin manya su shiga, kuma ana kallonsu da gaske. Ina muka baro wannan?

Ƙarfe tara saura kwata manyan suka fito. Ba zan ce na fahimci waƙar ba, domin mawaƙin wani gurnani yake yi daga ƙasan maƙogwaro. Amma bugun kam ba ta kunne yake shiga ba, ta ƙirji yake shiga, har haƙarƙari yana rawa. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da 'yan tauri ana yi musu kiɗa, ya ga yadda namiji yake tsima har jikinsa yana karkarwa, ya san abin da nake nufi. Tsimar ce dai, da wata irin riga. Tsakiyar taron ya dare kamar an share filin kokawa, samari suka faɗa suna zagaye da gudu suna bangazar juna da kafaɗa. Ba naushi, ba mari, ba wanda ya ɓata rai. Can mawaƙin ya yi nuni da hannu taron ya rabe biyu, aka bar fili a tsakani, da ganga ta sauka sai ɓangarorin suka rugo da gudu suka gwabza, kamar mahaya sun saki linzami za su yi jafi ranar hawa.

A bakin da'irar nake tsaye, ina ganin na yi nisa da abin. Sai turin ya iso inda muke. Ƙasa ta jiƙe da abin da suka zubar, ƙafata ta zame, na faɗi rigingine. Abin da na gani a sama takalma ne masu ƙaton dunduniya ta ko'ina. Na yi salati, domin na san ma'anar faɗuwa a cikin turmutsitsi, duk wanda ya taɓa fitowa ta ƙofar filin ƙwallo bayan an tashi ya sani. Amma ko numfashi biyu ban ja ba, ƙarti huɗu suka juya wa taron baya, suka ware hannaye suka yi mini katanga, wasu biyu suka kama ni ta hammata suka tsayar da ni cak. Ɗaya ya kara bakinsa a kunnena yana tambaya ko lafiya, bai sake ni ba sai da na gyaɗa kai. Suka koma rawarsu, ko fuskarsu ba zan iya shaidawa ba.

Na shafa kaina, na ji wayam.

Hular ƙube ce, shuɗiya da ratsin fari, ɗinkin hannu. Ita Baba yake sawa ranar Sallah da ranar ɗaurin aure, Allah Ya jiƙansa. Da aka raba kayansa ita ta faɗo a rabona, kuma tun da na zo ƙasar nan duk Juma'a ita ce a kaina. A ranar ma daga masallaci na koma aiki da ita, daga gida na fito da ita. Na kunna fitilar waya na duƙa ina dubawa tsakanin ƙafafu, cikin mutum sun fi dubu biyu, a duhu. Wallahi hawaye ne ya cika mini ido. Na ce na ɗauko hular mahaifina daga Kano na kawo ta inda za a tattake ta cikin giya, me zan gaya wa Hajiya?

Sai abokina ya dafa kafaɗata ya nuna mini can gaba. Hannu ne ɗaya a sama, ya fi kowane hannu tsayuwa, riƙe da hular Baba. Wata 'yar siririyar budurwa ce mai koren gashi da ƙarfe a hanci, irin wadda in ta bi ta Kantin Kwari sai kasuwa ta tsaya. Ba rawa take yi ba, ba dandamali take kallo ba, juyawa take yi a hankali tana nuna hular gabas da yamma. Na kusa da ita sun haska hular da wayoyinsu don a gani. Kafin in kutsa in isa wurinta waƙa guda ta ƙare an shiga wata, ina kallo hannun ya gaji ta sauya zuwa ɗayan, amma ba ta sauke ba. Kuɗinta ta biya don ta more waƙoƙin nan, ta bar su ta tsaya tana cigiyar hular wanda ba ta sani ba. Da na isa na nuna kaina, ta kakkaɓe ta, ta miƙo mini, tana ba ni haƙuri wai ta jiƙe. Ita ce mai ba ni haƙuri.

Abokina ya ce ai wannan ƙa'idarsu ce, ba a rubuce take ba amma kowa ya san ta: wanda ya faɗi a ɗaga shi, abin da aka tsinta a ɗaga shi sama. Da na lura kuwa sai na riƙa ganin hannaye jefi-jefi, wannan da takalmi wari ɗaya, wancan da tabarau, wani da waya sabuwa fil tana haske.

Wayar nan ce ta tuno mini da ƙanina. Bara, bayan Magariba, a ƙofar wani ɗakin taro da ake biki, yara uku suka tare shi da wuƙa suka karɓe wayarsa, har yau tabon yana damtsensa. Mutanen da ke wurin sun fi hamsin, duk da manyan riguna da turare, ba wanda ya ce uffan. Mu ne fa muka karanta hukuncin tsintuwa tun muna Islamiyya, cewa a yi cigiyarta har shekara guda. Mu ne muke da cigiya a masallaci bayan sallame salla, da cigiya a gidan rediyo. Baba yana ba mu labarin yadda mutum zai manta ƙunshin kaya a Kurmi ya dawo bayan mako ya tarar an adana masa. Yau in za ka shiga kallon Hawan Daushe sai ka cusa waya a cikin safa.

Kada wani ya ce na zo Turai na raina gida. Mutanen nan ba waliyyai ba ne. A Landan 'yan keke suna fizge waya a hannun mutane da rana tsaka, ni kaina an yanke sarƙar kekena a ƙofar gida an tafi da shi. A wurin wasan ma na ga wanda ya sha ya yi tatul ana fitar da shi ranga-ranga, kuma wannan hannun da suke ɗagawa mai kama da ƙaho ban ɗaga ba, ba kuma zan ɗaga ba. Mutanen kirki kuwa Kano ba ta rasa su ba, mun sha jin ɗan adaidaita ya tsinci miliyoyi ya mayar. Amma shi kaɗai yake yi, har wasu su ce masa wawa. A zauren nan taron ne gaba ɗaya ya ɗauki abin, ta yadda wanda ya tsinci waya ya sa a aljihu shi ne zai ji kunya. Abin da ya hana ni barci ke nan a daren, ba ƙarar ba.

Kafin waƙar ƙarshe babban mawaƙin ya kira sunan masu share fage ya sa aka tafa musu. Ƙarfe sha ɗaya saura minti biyar aka kunna fitilu, domin lasisin gidan bai yarda a wuce sha ɗaya ba. A hanyar fita na ga yarinyar nan mai ganga tsaye bayan wani ɗan tebur tana sayar da rigunan ƙungiyarsu da hannunta, gashinta bai ma bushe ba.

Da muka fito kuma sai kewa ta rufe ni. Cikin minti ashirin titin ya zama kufai, kowa ya sa kai ya nufi tasharsa. Ba mai shayi da za a zauna a bencinsa a tattauna wanda ya fi wani, ba ƙamshin tsire, ba wanda zai ce maka “a'a, kai ma ka zo?” Mutum dubu biyu sun yi tsima tare awa uku, sun rabu ba wanda ya san sunan wani. Mawaƙin ma bai san kowa ba. Na tuna yadda marigayi Shata yake hango mutum a cikin taro ya kira shi da sunan ubansa da garinsu, ya bar masa abin da jikoki za su riƙa ji. Wannan kam duk tsarinsu ba su da shi, kuma ba a sayensa da kati.

Hular na wanke ta da kaina sau uku a daren, tunda giya ta taɓa ta ba zan yi salla da ita haka ba. Tsarki kam ta yi, amma ta saki, karin ya ɓace, ta zama kamar jaka. Na kai ta shagon wankin kaya na unguwarmu, matar ta jujjuya ta, ta ce za su iya gwadawa a kan fam tara amma ba su ɗauki alhakin abin da zai same ta ba. Na karɓi abata. Garin da ya iya auna ƙara da lamba, a iya yawona ban ga mai wankin hula ko ɗaya a cikinsa ba. Akwai wani ɗan uwa da zai taho gida ƙarshen wata, na naɗe ta a leda na ba shi. Na ce wa ƙanina in ta iso ya kai wa dattijon nan na bakin masallacin layinmu, wanda yake wanke wa Baba tun da can, ya sa mata sitati, ya buga ta, ya ɗora ta a kan gungume ta sha rana. Ya ce, “Yaya, in ya tambaye ni me ya same ta fa?” Na ce ya gaya masa faɗuwa ta yi, wata baiwar Allah ta tsinta.